Ledar Da Na Ɗaura A Otal Ɗin Dona Fatima

Tunda Fati da Sadiku suka fara maganar kai wa yayansu Nura ziyara a Portugal, na ga gara in zauna in rubuta yadda tamu tafiyar ta kasance, ni da Ummarku. Ina so ku san yadda ake zaman otal a ƙaramin gari irin wancan, kada ku je ku yi ƙauyancin da na yi. Sannan na gaji da jin yadda kuke ba da labarin nan in an taru a falo, kuna cewa ranar da Umma ta tayar da gari. Ita tana dariya ba ta musa muku, don halinta ke nan. To ku ji daga bakina: ƙofa kawai ta buɗe. Sauran duk aikina ne.

Ni daga firamare kasuwa na wuce, kuma yawancin rayuwata a Dubai na yi ta, ina sayen takalma a lungunan Naif ina loda wa Kano. Kafin in kama filat in ɗauko ku, ƙananan otal-otal na unguwar Deira su ne gidana. Wanda bai zauna a cikinsu ba ba zai gane ba. Ƙofa ba ta rufuwa dare da rana. Kana iya jibge kwalayen kaya har su kusa taɓa rufi, ka bar ɗan wurin da za ka miƙe ƙafa. Banɗaki akwai tiyo, akwai rariya a ƙasa, ka watsa ruwa yadda ka ga dama. A ɗaki ake dafa shinkafa, a ɗaki ake turare. Ita kuwa 'yar farar na'urar nan da ake maƙalawa a rufi, mai ihu in ta ji hayaƙi, mun daɗe da gano maganinta. Alhaji Isufu mutumin Maraɗi, wanda shagonsa ke jikin nawa har yau, shi ya koya mini a zuwana na farko, a wani ɗan otal a Al Buteen. Ya hau kujera, ya rufe ta da leda, ya ɗaure da roba, ya sauko yana kakkaɓe hannu.

"Voilà, mon frère, shi ke nan ɗan'uwa. Ta yi barci. Dafa abin da ranka ke so."

Tun daga ranar, duk ɗakin da na shiga, kafin in cire hula na hau kujera. Ban taɓa ɗaukar abin a matsayin laifi ba. Na ɗauke shi dabarar zaman duniya.

Nura a shagona ya taso. Ni nake aikensa ya kai wa fatakenmu kaya a masaukinsu, ashe can ya bar zuciyarsa. Sai ya tsaya wurin karɓar baƙi yana kallon yadda ake aiki, har ya fara kama musu in sun rasa mai jin Hausa. Wata rana bayan mun rufe shago ya ce mini aikin otal yake so ya karanta, kuma wani abokinsa ya samo masa makaranta a Portugal. Amsar da na ba shi ina iya jin ta a kunnena har yanzu.

"Na kafa maka shago, kai kuma ka ce za ka tafi kana shimfiɗa wa ƙartai gado, kana kwashe musu kwanuka?"

Da wannan maganar ya hau jirgi. Shekarun da suka biyo baya, wayarmu ba ta wuce gaisuwa. Kana lafiya, lafiya lau, ga Ummarka. Ita kuwa kun san ba ta kiran sunansa saboda ɗan fari ne, amma ba ta gajiya da tuna mini shi.

"Alhaji, yaron nan fa ba zai roƙe ka ka je ba. Irinka ne."

Da ya gama makarantar ya sami aiki a wani ɗan otal na wata tsohuwa, a wani gari da ke arewacin ƙasar, wanda har yau harshena bai iya faɗin sunansa daidai ba. Aikin gwaji ne aka ba shi. A ƙarshen watan da bizarmu ta fito ne tsohuwar za ta yanke ko ta sa masa hannu a kwantiragi na dindindin ko ta sallame shi, kuma in babu wannan kwantiragi ba za a sabunta masa takardar zama ba. Sai dai ya tattaro ya dawo Naif, shagona. In faɗa muku gaskiya, akwai wani sashe na zuciyata da bai ƙi hakan ba. Duk da haka shi ya je ya roƙi matar ta ba iyayensa ɗaki a otal ɗin, ta kuma ba shi. Kafin mu taso ya kira ni.

"Baba, ku zo da buta. Ku zo da rigar ruwa da takalmi mai roba a ƙasa. Kada ku cika akwati, babu lif. Sannan don Allah maganar turare..."

"Kai, yaro. Na kwana a otal tun ba a haife ka ba."

"Na sani, Baba. Amma nan ba Deira ba ne."

"Khalas, ya isa. Ga Ummarka."

Ita ta saurare shi har ƙarshe, ta sa buta biyu a jakarta. Ni kuwa na ɗauko akwatina mafi girma, na shirya babbar rigata mai aiki, na tura kaskon turare na lantarki a tsakiya da kwalbar itacen oud da nake ji da shi.

Daga Porto jirgin ƙasa muka hau. Nura ya tarye mu a tasha, ya rusuna ya gaishe ni, ya ɗauki jakar uwarsa, ya miƙa hannu zai karɓi akwatina na hana. Ban yi nisa ba na yi nadama. Titunan tsohon garin duk ƙananan duwatsu ne aka jera, ga hawa, ga ruwan sama yana yayyafi, mota kuma ba ta shiga lungun da otal ɗin yake. Kafin mu isa taya ɗaya ta fita. Takalmina na fata, ni mai sayar da takalmi, yana ta zamewa kamar na taka kuɓewa. To wannan shi ne na farko da za ku riƙe: ƙaramin akwati wanda za ku iya ɗagawa da hannu ɗaya ku hau bene da shi, da takalmin da ke kama ƙasa. Kuma ku sanar da su lokacin isowarku tun kafin ku taso, don irin waɗannan otal ba kamar na Deira ba ne. Mai karɓar baƙi yana tashi ya tafi gida. Bayan ya tafi, sai da lambar da aka ba ka za ka buɗe ƙofar waje, in ka manta ta ka kwana a titi.

Otal ɗin gida ne na kaka da kakanni, mai hawa uku, matakalarsa da dabensa duk katako, in ka taka sai ya yi ƙara kamar yana amsa gaisuwa. Mai gidan ta fito da kanta, gajeruwa, farin gashi, baƙar riga, tabarau rataye a wuya. Dona Fatima sunanta. Ummarku ta washe baki.

"A'a, takwarar Fati! Musulma ce?"

"Ba Musulma ba ce, Umma. Suna da sunan a nan, da yawa ma."

Ta karɓi fasfo ɗinmu ta rubuta abin da za ta rubuta. Wannan doka ce a can, kada ku yi musu in an tambaye ku. Nura ya koya mana mu ce bon diya, wato ina kwana, da safe ga duk wanda muka haɗu da shi a matakala. Mutanen garin ba su da yawan magana, amma wanda bai yi gaisuwa ba suna lura da shi, kamar dai mutanenmu.

A ɗaki ya bi mu da bayani ɗaya bayan ɗaya, ni ina zaune a bakin gado ina jin haushin ɗana yana koya mini zaman ɗaki. Katin da ke buɗe ƙofa shi za ka zura a wata 'yar kafa jikin bango, in ba haka ba fitila ba za ta kama ba. Soket ɗinsu baki biyu ne zagayayyu, filoginmu na Dubai mai baki uku ba ya shiga, don haka ya saya mini abin haɗawa don cajin waya. Ya nuna mana alƙibla. Ya kai mu banɗaki ya nuna ƙasa: babu tiyo, babu rariya. Duk ruwan da ya zuba a daben nan ba shi da hanyar fita sai ta katako, ya ɗiga a kan wanda ke ɗakin ƙasa. Alwala a cikin bahon wanka za a yi ta, a ja labule. Bangon kuma siriri ne.

"Baba, in za ka yi waya da Alhaji Isufu, a hankali. Yadda kuke magana, har Maraɗi za a ji ba sai da waya ba."

Ummarku ta rufe baki tana dariya. Ni ban yi ba. Sai ya ɗaga yatsa ya nuna rufi, inda farar na'urar take da ɗan jan idonta yana ƙyaftawa.

"Wannan kuma, Baba, don girman Allah. Ba wuta, ba hayaƙi, ba turare. Tana haɗe da ofishin 'yan kwana-kwana. In ta yi kuka ba tambaya za su yi ba, zuwa za su yi."

"Na ji."

"Kuma ba a rufe ta."

"Na ce na ji."

Kwanakin farko sun tafi lafiya, kuma duk abin da ya faɗa sai na same shi haka. Karin kumallo yana da lokacinsa, in ka makara an kwashe. A teburin akwai yankakken nama ja mai kyan gani, ku bar shi, na alade ne. Har wasu kayan zaƙinsu da man alade ake yi, don haka ku tambaya kafin ku kai baki. Burodi, ƙwai, cuku, zuma da 'ya'yan itace sun ishe ku. A waje kuwa kifi ne abincinmu, kuma sun iya shi, amma ku ce kada a sa giya a miyar. Gidajen abinci suna rufewa bayan azahar, ba sa buɗewa sai bayan magariba, to wanda ya saba da Naif, inda ko yaushe ka ji yunwa akwai mai shawarma, zai sha wuya in bai ajiye burodi a ɗaki ba. Ran Lahadi ƙananan shaguna duk a rufe suke. Ina kallon Nura daga nesa a wurin aikinsa, cikin farar riga, yana juya harshe uku, yana nuna wa baƙi hanya a taswira. Na ga ana girmama shi. Ban ce masa komai ba.

Ran Juma'a aka shirya abu biyu. Da hantsi Dona Fatima ta gayyace mu shan kofi, don ta san iyayen ma'aikacinta. Daga nan mu hau jirgi zuwa Porto, don garin babu masallacin Juma'a. Na fito da babbar rigata, sai na ji tana warin danshi. Garin ruwa ne, gidan kuma tsoho, komai ka ajiye sai ya ɗauki wannan wari. Na tsaya riƙe da ita ina tunani. Tunda na zo Dubai ban taɓa fita Juma'a ba tare da na turara riga ba. Yau kuma zan zauna gaban matar da ke riƙe da makomar ɗana, in je mata ina warin rijiya? Wallahi niyyata ke nan, in fita kunyarsa, ta ga cewa yaron ɗan mutane ne. Na ce a raina ai kaskon na lantarki ne, babu gawayi, babu wuta. Ummarku tana wanka. Na cire waya daga abin haɗawar da ya saya mini na jona kasko. Na jawo kujera na hau, na ɗauko ledar da na naɗo hulata a ciki, ta wani shago a Naif, da rubutun Larabci a jikinta, na rufe na'urar na ɗaure. Hannuna ya yi aikin da kansa, kamar yadda ya saba. Na zuba oud, ban yi rowa ba, na baza rigar a kai.

Ɗakin ƙarami ne, taga a rufe saboda sanyi. Kafin in ankara hayaƙi ya cika shi. Na je in buɗe tagar, marikinta irin nasu ne da sai an murɗa ta wata fuska, na ja na tura ta ƙi. Ummarku ta fito tana tari, idonta yana ruwa.

"Alhaji! Me yaron nan ya ce maka?"

"Na rufe ta. Dubi sama."

"Ka rufe ta, ni kuma da me zan yi numfashi?"

Ta buɗe ƙofa don iska ta shigo. Ni ta cikin ɗaki kaɗai na yi wa dabara. Ban taɓa tunanin akwai 'yar uwarta a baranda, daidai saman ƙofarmu ba.

Ban taɓa jin ƙara irin wannan ba. Gidan gaba ɗaya ya ɗauka, ƙofofi suka fara buɗewa, mutane na fitowa wasu da tawul, wani da kumfar aski a fuska. Na ji gudun ƙafa a matakala, sai ga Nura. Ya leƙa ɗakinmu, ya ga kasko, ya ɗaga kai ya ga leda. Kallo ɗaya ya yi mini. Ya zare filogin, ya ce mu sauka waje yanzu, ya wuce. Ko da ya san babu wuta, bai tsaya yi wa kowa bayani ba, don ƙa'idarsu ita ce in ta yi kuka kowa ya fita. Ina saukowa ina jin sa yana bubbuga ƙofofi har hawa na sama. Muka tsaya a lungu cikin yayyafi, ni da singileti da babbar riga a kafaɗa tana ta ƙamshi, maƙwabta sun leƙo ta tagogi. Shi ne na ƙarshen fitowa, yana tallafe da wani tsoho baƙo mai sanda wanda ba ya iya sauka shi kaɗai, mataki ɗaya bayan ɗaya, yana yi masa magana a hankali har tsohon ya yi dariya. Motar kwana-kwana ta tsaya a bakin lungu don ba ta iya shiga, suka ƙaraso da gudu da kayansu.

Bayan sun duba ko'ina an koma ciki, aka kira mu ɗakin cin abinci, teburin da aka shirya mana kofi. Babban 'yan kwana-kwanan ya ajiye kaskona a gefe, ya ajiye ledata a kan farin mayafin teburin, a tsakanin kofuna, ya yi wa Dona Fatima magana ya fita. Ta sa tabarau ta dubi ledar. Nura ya fara magana da harshensu, hannunsa a ƙirji, kansa a ƙasa, ya daɗe yana yi.

"Me kake gaya mata?"

"Ba komai, Baba. Ina ba ta haƙuri."

Ummarku ba ta jin kalma ɗaya ta harshen, amma ta san ɗanta. Ta ce mini a hankali, "Laifin yake ɗauka."

"Nura, faɗa mini abin da ka ce."

"Na ce ni ne ban yi muku bayani ba."

Na daɗe a kasuwa, na san yadda ake yin shiru a bar wani ya biya. Kuma ga wancan sashe na zuciyata da na gaya muku, wanda in an kore shi zai sami ɗansa a shago. A wurin na ji kunyarsa ta rufe ni. Na miƙe, na cire hulata na ajiye kusa da ledar, abin da ban taɓa yi a gaban mace baƙuwa ba.

"Za ka fassara mata abin da zan faɗa, kalma da kalma. In ka rage, ni da kai ne."

"Baba..."

"Gaya mata ka faɗa mini a waya, ka sake faɗa mini a ɗaki, har ka nuna mini da yatsa. Gaya mata ni na hau kujera da ƙafata. Gaya mata haka muke yi a inda na fito, kuma na ɗauka na fi ka sanin otal."

Ya fassara.

"Gaya mata ni ne na hana ka wannan aikin, na kira shi aikin banza. Yau na ga aikin da idona."

"Baba, wannan ba zan iya faɗa ba."

"Yalla, maza fassara."

Ya faɗa, yana kallon bango. Na zaci zan ga fuskarta ta yi laushi. Ba ta yi ba. Ta cire tabarau ta yi magana a taƙaice, shi kuma ya juyo mini da ita da ƙyar. Ta ce gidan nan kakanta ya gina shi, katakonsa ya bushe tun kafin a haife ta, kuma gidajen lungun duk a manne suke, in ɗaya ya kama duk sun tafi. Ta ce turare ba shi ne ya dame ta ba, ledar ce, don wanda zai kwana a ɗakin bayan mun tafi ba zai san an rufe wa na'urar ido ba. Sannan ta ce akwai abu na biyu: yanzu ta gane ma'aikacinta ya dube ta ya yi mata ƙarya. Za ta yi tunani zuwa Litinin. Ta ɗauki kaskona ta sa a ƙarƙashin hammata ta fita.

Kun gani. Na rufe rami ɗaya na tona wani. Da na yi shiru, laifinsa sakaci ne. Da na yi magana, ya zama maƙaryaci a gaban uwargijiyarsa. Juma'ar da ba mu samu ba ke nan, a ɗaki muka yi azahar. An ci ni tara na biya, wannan ba komai ba ne. Abin da ya hana ni cin abinci shi ne ganinsa washegari a wurin aiki, yana yi wa baƙi murmushi kamar babu abin da ya faru, ita kuma tana wucewa ta gabansa ba ta ce masa uffan.

Ran Lahadi da la'asar ya sami hutu, ya ce mu zaga. Gari shiru, shaguna a rufe, sai ƙararrawar coci. Muka sauka bakin ɗan kogin da ya ratsa garin muka zauna a benci. Na daɗe ina juya maganar kafin ta fito.

"Na ɓata maka."

"Ni na yi ƙaryar, Baba, ba kai ba."

"In ta sallame ka, ba shago za ka dawo ba. Za mu nemi wani otal ɗin, ko a Dubai ko a ina. Aikinka ke nan."

Yana kallon ruwa ya ce, "Amma fa ɗaurin ya yi kyau. Mutumin kwana-kwanan sai da ya sa wuƙa."

"Aikin Isufu ne. Ni almajirinsa ne kawai."

Muka yi dariya har wata mata mai kare ta juyo. Rabon da mu yi dariya tare tun yana ɗaukar mini kwali a Naif.

Litinin da safe bayan an kwashe karin kumallo ta kira mu, wannan karon tsakar gida, wani ɗan fili a bayan otal ɗin mai bishiyar lemun tsami. Ruwa ya ɗauke. A kan teburin ƙarfe ga takarda, ga kaskona, an jawo masa waya ta tagar kicin. Ta fara da Nura, ta daɗe tana yi masa faɗa da yatsa a sama, shi yana gyaɗa kai. Daga baya ya gaya mini abin da ta ce: kada ya ƙara yi mata ƙarya ko don wa, amma ita ma da ubanta ne da abin da za ta yi ke nan. Ta ce abin da ta tsaya a kai shi ne ya san babu wuta, ya san iyayensa ne, duk da haka bai kashe ƙararrawar ya rufa asiri ba, ya bi kowace ƙofa ya fitar da kowa. Ta miƙa masa biro ya sa hannu a kwantiragin. Ummarku ta juya baya tana share ido da gefen mayafi, tana ta hamdala. Ni kuwa na sami kujera na zauna.

Sai tsohuwar ta turo mini kasko ta yi magana.

"Ta ce ka kunna, Baba. Ta ce tana son ta ji abin da ya tara mata gari. A nan waje kana iya yi kullum."

Na zuba kaɗan. Ta sunkuya ta shaƙa, ta lumshe ido, ta ce wani abu da ya sa Nura dariya. Wai kamar cocinsu ranar babban biki, sai dai wannan ya fi tsada. Ummarku ta cire mayafin tsohuwar daga kafaɗarta ta nuna mata yadda ake turarawa. To wannan ma ku riƙe, shi ne babba: abin da kuke so a otal, ku tambaya. Da na buɗe baki tun ranar farko na ce ina da turare, da an nuna mini tsakar gidan nan. Ledar kuwa ba ta ba ni ba. Ta ce za ta nuna wa masu shara, su riƙa ɗaga kai suna dubawa a kowane ɗaki.

Ranar da muka dawo Dubai, kafin in cire hula na jawo kujera a falon nan namu. Ledar da ke sama ta daɗe har ta yi ja, roba ta narke a jikinta. A ƙarƙashinta kuka yi ta kwana kuna yara, ku duka. Na sauko da ita na tsaya ina kallonta a hannuna, na ma rasa me zan ce wa Allah ban da godiya. Na bi ɗakunan kwana na cire sauran. Washegari na je na sami Isufu a shago na ce ya cire ta ɗakin ajiyarsa.

"Habibi, ka je Turai sati biyu ka dawo ɗan kwana-kwana?"

"Cire dai. Kwali ne maƙil a ɗakin nan, ga yaranka suna kwana a ciki."

Ya yi ta gunaguni da Faransanci, amma ya hau kujerar. Har yau in na shiga masaukin fatakenmu na ɗaga kai na ga leda sai na yi magana. Wasu su ji, wasu su ce tsufa ne.

Da Nura ya zo hutunsa na farko bayan an ba shi takardar zama, ya yi sallama, ya ajiye ƙaramin akwatinsa, ya rusuna ya gaishe mu. Ina lura da shi. Kafin ya zauna ya ɗaga kai ya dubi rufi. Ɗan jan idon yana ƙyaftawa. Ya zauna kusa da ni, uwarsa ta ɗauki kasko ta fita da shi baranda.